An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tarihin Tirela da Darasin da Muka Tsallake

 Yau zan ɗan ajiye maganar wane ya sauya sheƙa, wane ya gana da wane cikin dare, in yi maganar tirela. Na san wani zai ce, to Malam, mene ne kuma haɗin tirela da siyasa? Haɗin yana cikin tukunyar gidanka. Masarar da aka auno daga Dawanau, simintin da ka sa a gininka, takin da ka zuba a gona, man da ka sha a babur da safe, babu ɗaya da ya iso gare ka ba a bayan babbar mota ba. Duk ranar da kuɗin ɗaukar kaya ya tashi, kafin sati ya zagayo mudu ya tashi a kasuwar unguwarku. Mun ga zahiri a ƙarshen watan Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da motocinta daga zuwa Kudu. Cikin 'yan kwanaki nama da tumatir suka yi tsada a Legas, a nan gida kuma tumatir ya yi kwantai a hannun manoma.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, duk ranar da tanka ta faɗi ko tirela ta tare hanya, sai ka ga an yi ca a kan direba a Facebook. Wannan ya ce 'yan ƙwaya ne, wancan ya ce ba su da imani. Bayan kwana uku an manta, sai kuma wata ta faɗi. Ban ce direbobi ba su da laifi ba, akwai masu ganganci a cikinsu kamar kowace sana'a. Amma ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Idan ka bi tarihin wannan mota a ƙasashen da suka ƙirƙiro ta, za ka tarar duk matakin da inji ya hau, sai hanya da doka da masana'anta su hau tare da shi. Mu kuwa injin kawai muka sayo, muka baro sauran a can. Bari mu bi ta a hankali, ai waiwaye adon tafiya ne.

DAGA AMALANKE ZUWA KAN TIRELA

Motar ɗaukar kaya ta farko mai shan fetur, Gottlieb Daimler ne ya ƙera ta a Jamus a 1896. Idan ka ga hotonta za ka rantse amalanken doki ce aka kwance dokin. Ƙafafunta na katako ne da aka yi wa ɗamarar ƙarfe, injinta mai silinda biyu yana can baya, ƙarfin doki huɗu kacal. Kayan da take ɗauka bai wuce tan ɗaya da rabi ba, wato buhun masara goma sha biyar. Wani kamfani a Landan ne ya fara saye. Kan tirelar da ke wuce ka yau a hanyar Zariya yana da ƙarfin doki ɗari huɗu ko fiye, yana jan tan talatin ko haki ba ya yi.

Ita tirela kanta, a hannun maƙeri ta fito. A 1914 wani mai sayar da katako a birnin Ditiroyit na Amurka ya je wurin wani maƙeri mai haɗa amalanke, August Fruehauf, ya ce yana son abin da zai ja kwalekwalensa a bayan ƙaramar motarsa kirar Ford. Maƙerin ya haɗa masa amalanke mai tayoyi a baya kawai, gabanta kuma ya hau kan motar. Da mutumin ya ga abin ya yi, sai ya ce a yi masa wasu na ɗaukar katako. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga duk mai shanun noma: sa ya fi iya jan kaya a amalanke fiye da ɗauka a gadon baya. Daga nan aka samu farantin ƙarfen nan da ke bayan kan mota, inda bodi ke maƙalewa. Amfaninsa babba ne, domin kai ɗaya zai iya ajiye bodi ana sauke kaya, ya ɗauki wani ya yi gaba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya nuna wa duniya abin da motar kaya za ta iya. A 1916, lokacin da Jamusawa suka matsa wa garin Badun na Faransa, hanya ɗaya tak mai tsawon kimanin kilomita 75 ce ta rage wa Faransawa ta kai wa sojojinsu abinci da harsashi. Motoci sama da dubu uku suka riƙa bin ta dare da rana. Ga abin da nake so ku lura da shi: dubban mutane aka jera a gefen hanyar da shebur, aikinsu kawai watsa tsakuwa a ƙarƙashin tayoyi. Motar da ta lalace nan take ake ture ta gefe. Tun ranar farko sun gane cewa mota ba ta da wani amfani idan hanya ta mutu.

Bayan yaƙin abubuwa suka zo a jere. Tayoyin farko na dunƙulalliyar roba ne, babu iska, suna farfasa titi suna karya bayan direba. A shekarun 1920 taya mai iska ta maye gurbinsu, gudu ya ƙaru. Sai injin dizal, wanda direbobinmu ke kira gas. Rudolf Diesel ya tayar da injinsa tun 1897, amma nauyinsa ya sa aka daɗe ba a iya sa shi a mota ba, sai a 1923 da 1924 kamfanonin Benz da MAN suka fito da motocin kaya masu amfani da shi. Shi wannan inji ba ya buƙatar fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, a fesa mata mai, ta kama da kanta. Ya fi fetur tsimin mai, kuma ƙarfinsa yana fitowa tun yana tafiya a hankali, abin da mai hawa tudu da kaya ke nema ke nan. A shekarun 1950 sa masa tobo ya fara yaɗuwa, wato hayaƙin da ke fita daga salansa shi zai juya wata fanka ta cusa ƙarin iska cikin inji.

Sai birki mai iska. Wannan ina so kowa ya fahimce shi, saboda kullum labarinmu ɗaya ne: wai birki ya tsinke. Babbar mota ta zamani an ƙera ta ne yadda idan iska ta zube, akwai sifirin mai ƙarfi da zai damƙe tayoyin baya da kansa, motar ta tsaya. To idan ka ji an ce birki ya ƙwace a gangara, yawanci ɗayan biyu ne. Ko an daɗe ba a duba shi ba an yi ta lallaɓawa, ko kuma kayan sun fi ƙarfinsa, ya yi zafi har ya daina kamawa. Masu ƙera mota sun yi nasu. Saura namu.

HANYA DA DOKA

A 1919 sojojin Amurka suka ɗebi ayarin motoci daga Washintan zuwa San Faransisko don gwada hanyoyin ƙasarsu. Kwana 62 suka yi, suna maƙalewa a taɓo, gadoji na karyewa a ƙarƙashinsu. A cikin ayarin akwai wani matashin hafsa mai suna Dwight Eisenhower. Bai manta ba. Da ya zama shugaban ƙasa, a 1956 ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi mil 41,000, aka kuma ware asusu na musamman da ake zuba harajin mai a cikinsa don aikin hanya. Mai shan mai da yawa shi ke biya da yawa, kuɗin kuma a kan titi yake ƙarewa.

Ba su tsaya nan ba. Daga 1958 zuwa 1960, a jihar Ilinoi, suka shimfiɗa tituna na gwaji, suka sa sojoji suna zagayawa da motoci masu nauyi daban-daban dare da rana har titunan suka farfashe, su kuma injiniyoyi suna aunawa. Abin da suka gano shi ne ginshiƙin wannan rubutu nawa. Ɓarnar da mota ke yi wa kwalta ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinta. Idan ka ninka nauyin da ke kan ƙafa ɗaya ta mota, wato layin taya guda, ɓarnar ba ninki biyu take yi ba, kusan ninki goma sha shida take yi. Ƙarin kashi ashirin cikin ɗari kawai, ɓarna ta ninka biyu. Ƙarin rabi, ɓarna ta ninka biyar. Ka ji fa! Shi ya sa titin da aka ce zai yi shekara ashirin yake zama kududdufi a damina ta huɗu. Wani lokaci ɗan kwangila ne ya ha'ince mu, gaskiya ne. Amma ko da zinare aka yi titin, in dai ana labta wa motar tan talatin tan hamsin, ba zai kai labari ba. Saboda wannan lissafi ne ƙasashen da suka san ciwon kansu suka kafa sikeli a kan manyan hanyoyi, kuma babu ɗan gidan wane a kansa.

Akwai mutum biyu kuma da ya kamata matasanmu su san labarinsu. Na farko Malcom McLean, direba ne da ya fara da tsohuwar mota guda ɗaya. Zaman jiran a sauke kaya buhu-buhu a bakin teku ne ya ishe shi, ya ce me zai hana a ɗaga akwatin gaba ɗaya a ɗora a jirgi? Ran 26 ga Afrilun 1956 jirginsa mai suna Ideal X ya tashi daga Niwak zuwa Hustan da akwatuna 58. Asalin kwantena ke nan. Ita ce ta sulhunta jirgin ruwa da jirgin ƙasa da tirela, kowa ya ɗauki zangon da ya fi dacewa da shi. Na biyu Frederick McKinley Jones, baƙar fata ne ɗan Amurka, bakanike da ya koya wa kansa aiki. Shi ya ƙera na'urar sanyaya kaya da ke jure girgizar hanya, suka kafa kamfanin da ya zama Thermo King, ya samu takardar mallakar fasaharsa. Tun daga lokacin nama da madara da kayan lambu ke tafiyar kwanaki ba su lalace ba. Shekara tamanin da ɗoriya ke nan, mu kuwa har gobe a kwandon kaba muke jibga tumatirin Kadawa zuwa kasuwar Mile 12, na ƙasa ya zama ruwa kafin a tsallake Jebba.

Motar yau kuma kwamfuta ce ke auna man da za a fesa wa inji. Tun 1992 Turai ta fara ƙa'idar hayaƙi, tana ƙara tsaurara ta mataki-mataki har zuwa ta shida. A can direba ba ya wuce awa tara a rana yana tuƙi sai a ranaku ƙalilan da doka ta ƙayyade, kuma bayan awa huɗu da rabi dole ya huta minti 45. Akwai na'ura a gaban mota da ke rubuta komai, idan aka kama, har mai motar sai ya amsa tambaya. Yanzu ma an shiga zamanin lantarki. Kamfanin Tesla ya miƙa manyan motocinsa na farko masu batir a Disambar 2022, a Sin kuwa motocin da ke aiki a tashoshin ruwa da ma'adinai sukan shiga rumfa a zare musu batir a sa wani cikin 'yan mintuna.

TO MU FA?

Mu ba baƙin fatauci ba ne. Kakanninmu sun yi ayari da jakuna zuwa Gwanja ɗauko goro, raƙuma sun sauke kaya a Kurmi daga Agadas da Tarabulus. Kuma ayari yana da tsari. Akwai madugu, akwai jagaba, akwai uban dawaki, an san zango, an san abin da kowane jaki zai iya ɗauka, domin wanda ya labta wa jakinsa kaya shi zai kwana a daji.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, shekarar da ta biyo baya cinikin gyaɗa ya buɗe. Layin ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Da manyan motoci suka shigo, aikinsu na farko ciyar da jirgi ne. Su kwaso gyaɗa da auduga da fata daga ƙauyuka, daga Katsina da Sakkwato har da Maraɗi, su kawo bakin tasha, jirgi ya yi doguwar tafiya zuwa teku. Haka dalar gyaɗa ta tashi a zamanin su Alhaji Alhassan Ɗantata. A 1964 jirgin ƙasan Najeriya ya ɗauki kaya kusan tan miliyan uku. Wannan tsarin raba aiki da duniya ke taƙama da shi yau, mun taɓa yin sa.

Kuma mutanenmu sun rungumi motar da hannu bibbiyu. Inji da ƙashin mota ne ke zuwa daga waje, Bedford ko Austin ko Mercedes 911, kafintocinmu su yi mata bodin katako, masu fenti su ƙawata ta da zane da rubutu. Yaro ya fara da karen mota, ya koyi sa waji a bayan taya da ɗaure tamfol, shekaru su tura ya zama direba, wani ma har ya zama mai mota. Je ka Potiskum ka ga garin da tirela ta raya. Kanikawanmu kuwa, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, suna sauke injin daf a gindin bishiya su mayar, motar ta tashi.

A shekarun 1970 gwamnati ta yi yunƙurin da ya dace. Aka kafa kamfanin harhaɗa manyan motoci na NTM a Kano tare da Fiat, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu tare da Mercedes, ga kuma Peugeot a Kaduna na ƙananan motoci. Buri shi ne a fara da harhaɗawa, a hankali a koma ƙera kayan a gida, ƙarfe ya fito daga Ajakuta. Ajakuta ba ta ƙarasu ba har yau. Kuɗin mai ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan haɗi suka gagari saye, ita kanta gwamnatin ta koma sayen motocin waje. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Muka koma jiran motocin da Turai ta gama more su, sai kuma Howo daga Sin. Akwai masu harhaɗawa a yanzu, kamar haɗin gwiwar Ɗangote da Sinotruk a Legas, amma inji da giya daga waje suke zuwa.

A daidai wannan lokaci jirgin ƙasa ya durƙushe. Bututun da aka shimfiɗa don kai mai defo-defo na Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri su ma suka daina aiki, matatar Kaduna ta yi shiru. Sai duk nauyin ƙasa ya dawo kan kwalta. Man da ya kamata ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, yau a tanka yake tafiyar kilomita dubu da wani abu, yana ratsa tsakiyar kasuwanni da ƙofar makarantu. Sakamakon mun gan shi. A Majiya ta jihar Jigawa, cikin Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka ƙone. A mahaɗar Dikko ta jihar Neja, cikin Janairun 2025, sama da 80. Allah ya jiƙansu da rahama. An yi ta faɗa wa talakawa su daina kwasar mai, kuma gaskiya ne su daina. Amma wa ya tambayi dalilin da ya sa lita dubu arba'in ko hamsin na fetur ke bin ta cikin gari tun farko? Bayan Dikko hukuma ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 daga watan Maris na 2025. Mataki ne mai kyau, sai dai an jira gawa kafin a ɗauke shi.

Don adalci, mu saurari mai mota shi ma. Zai ce maka litar gas ta haura naira dubu. Taya da dala ake sayen ta. Daga Kano zuwa Legas shinge ba ya ƙirguwa, kowace ƙaramar hukuma da rasitinta, ga na goro. Tafiyar kwana biyu ta koma kwana biyar saboda ramuka, wani lokaci kuma ya dawo wayam babu lodi. In bai ƙara kaya ba, ina ribar? Ka ga an shiga da'ira ke nan: hanya ta lalace, sai a ƙara lodi don a fanshe, lodi ya ƙara lalata hanya. Direba shi ne a tsakiya. Ba shi ya yi lodin ba, ba shi ya ƙi sauya taya ba, an ba shi kuɗin hanya ƙididdigagge an ce ya isa jibi. Babu inda zai tsaya ya yi barci sai kafaɗar titi a Tafa ko Mararrabar Jos, shi ya sa yake neman abin da zai hana shi gyangyaɗi. Mutum ɗaya ba zai iya fasa wannan da'ira ba, aikin hukuma ne.

ABIN DA ZA MU TAMBAYI MASU NEMAN ƘURI'A

To 'yan uwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu da muke kwana a kan waya muna kare gwanayenmu, ga tambayoyin da nake so mu riƙa jefa wa duk wanda ya zo neman ƙuri'a, namu ne ko na wasu.

Na farko, sikeli. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun riga sun amince da iyakar tan 11.5 a kan ƙafa guda. A auna mota tun daga inda aka yi mata lodi, a masana'antar siminti, a defo, a tashar ruwa, kuma tarar ta hau kan wanda ya yi lodin da mai motar. Idan an sa kowa a layi ɗaya, babu wanda zai karya wa ɗan uwansa farashi da lodin ganganci. Amma sikeli ba zai karɓu ba sai an rage shingaye an haɗe haraji wuri guda. Ba a hana mutum ƙarin lodi a bar masu tatsarsa.

Na biyu, jirgin kaya. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Zawaciki a 2023, ana kuma aikin layin Kano zuwa Maraɗi. Madalla. Tambayar ita ce, sau nawa jirgin kaya ke shigowa a wata? Lissafi ne mai sauƙi: jirgi ɗaya mai tan 900 ya ɗauke wa titi tirela talatin. Kada direbobi su ji tsoro, aikinsu ba zai ƙare ba. Kwantenar da ta sauka a Zawaciki, mota ce za ta kai ta Gusau da Haɗeja da Damagaram, direba kuma ya kwana a gidansa.

Na uku, zango. Madugun da ya rayu shekara ɗari biyu da suka wuce ya san ayari na buƙatar wurin sauka. A gina wuraren tsayawa na gaske a bayan gari, da ruwa da makewayi da tsaro da wurin gyara, sannan a kafa dokar awannin tuƙi. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana nan tun 1988, ƙungiyoyi irin su NARTO da NURTW suna nan, a zauna da su.

Na huɗu, iskar gas. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ake maganar CNG, matatar Ɗangote ma ta sanar da sayen motoci 4,000 masu amfani da ita. Motar lantarki ba tamu ba ce tukuna, mutanen da suka yi fiye da mako guda cikin duhu a Oktoban 2024 ba su za a yi wa wannan tatsuniya ba. Amma gas muna da shi. Bututun AKK mai kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi ne zai sa gidajen sayar da gas su yawaita a Arewa. In babu wurin shan gas tsakanin Kaduna da Maiduguri, motar gas ta zama ta 'yan Kudu kawai, mu a bar mu da tsadar dizal.

Na biyar, hannu. Motar da kwamfuta ke sarrafawa ba a gyara ta da guduma da kunne. Idan ba a horar da yaran garejinmu aikin na'urar gwaji da tukunyar gas da firjin mota ba, nan da shekara goma za su zama 'yan kallo a sana'ar da suka gada. Kwalejojin fasaha na jihohi su buɗe ƙofa ga bakaniken da ba shi da takardar sakandare. Gwamnonin da ke sayen tifa da motar shara kuma su saya a wurin masu harhaɗawa a gida, da sharaɗin bodi da sifirin da batir a nan za a yi su. A taimaka wa 'yan kasuwa su mallaki motoci masu sanyi da mayanka ta zamani, mu daina cusa shanu a tirela kwana uku suna ramewa, mutane kuma na zaune a samansu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar ƙirƙira. Duk an gwada su a wani wuri, wasu ma mun taɓa yin su a nan muka saki. Abin da suke buƙata shi ne shugaban da zai iya ce wa babban ɗan kasuwa sauke rabin kayan nan, ya kuma ce wa jami'insa cire wannan shingen. Irin wannan ba ya samuwa sai ya san masu zaɓensa sun fahimci maganar kuma za su tuna masa.

Don haka idan ɗan takara ya zo garinku ya ce zai yi muku titi, ku yi masa tafi, sannan wani ya miƙe ya ce, ranka ya daɗe, to wa zai hana a kashe titin? Direbobi da kanikawa da masu motoci da ke cikinmu, ku kuka san inda ke yi muku ƙaiƙayi, ku faɗa mana abin da kuke gani a hanya, mu tattara mu miƙa inda ya dace. Allah ya tsare matafiyanmu, ya kai kowa gida lafiya.